Madison Square Garden: Zauren da ba ya hutawa da tashar jirgin da ya danne

Daren Alhamis 28 ga Afrilun 2022, mutum kusan dubu ashirin ne suka cika zauren Madison Square Garden da ke tsakiyar birnin New York, da yawansu 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka mazauna Amurka. Burna Boy suka zo gani. Shi ne mawaƙin Najeriya na farko da ya cika wannan wuri da sunansa shi kaɗai a jikin tikiti.

Kwana biyu bayan haka, ranar Asabar, babu ko alamar dandamalin waƙa. An kafa zoben dambe a tsakiyar filin, inda Katie Taylor ta ƙasar Ailan da Amanda Serrano suka yi turmi goma suna ba hamata iska. Wannan ne karon farko da mata suka zama manyan 'yan damben dare a zauren.

Zuwa ranar Talata 3 ga Mayu, zoben ma ya tafi. Filin ya koma farar ƙanƙara, ƙungiyar Rangers ta wasan hoki ta kara da Pittsburgh a wasan da sai da aka yi ƙarin lokaci har sau uku kafin a tashi. Ƙanƙarar nan ba ranar aka zuba ta ba. Tana nan kwance a ƙarƙashin ƙafafun masu rawa tun daren Alhamis, an dai lulluɓe ta ne.

Irin wannan zaure, mai ɗaukar wasa da waƙa da taro duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, shi ne abin da manyan birane ke rububin ginawa yanzu. Senegal ta buɗe nata a Diamniadio kusa da Dakar a 2018, Ruwanda ta buɗe na Kigali a 2019, kuma duk inda ake irin wannan magana sai ka ji an ambaci na New York a matsayin abin koyi. Sai dai a can garinsu, shekara da shekaru ke nan ana jayayya a kan ko ya kamata a tashe shi daga inda yake. Dalilin jayayyar yana ƙarƙashinsa ne, inda tashar jirgin ƙasa mafi cunkoso a Amurka take a takure.

Gini huɗu a wuri uku

Wanda ake gani a yau shi ne na huɗu da ya ɗauki wannan suna. Na farkon tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce da aka daina amfani da ita, a gefen dandalin Madison, wajen titi na 26. P. T. Barnum, mashahurin mai wasan dabbobi, ya karɓi hayarta a shekarun 1870 ya mai da ita filin nuna abubuwan mamaki. A 1879 iyalan Vanderbilt, masu filin, suka raɗa masa sunan da ya bi shi har yau. A nan Barnum ya nuna Jumbo a 1882, ƙatuwar giwar nan da aka kamo tana ƙarama daga yankin Sudan. Wurin ba shi da rufin kirki, sanyin hunturu yana korar 'yan kallo, don haka shekara goma kawai ya yi aka rushe shi.

Na biyun, wanda aka buɗe a 1890 a kan wannan fili, shi ne mafi kyau a cikinsu duka, kuma ba a cika musu a kan haka ba. Attajiran birnin irin su J. P. Morgan ne suka haɗa kuɗi, Stanford White kuma ya zana shi. Babban zaurensa yana da kujeru kusan dubu takwas, ga gidan wasan kwaikwayo, ga ɗakin kaɗe-kaɗe, ga gidan abinci, ga wurin shaƙatawa a kan rufi.

Abin da ya fi jan ido shi ne doguwar hasumiyarsa. White ya kwaikwayo ta ne daga Giralda ta birnin Sebil a Sifaniya, wanda Larabawa ke kira Ishbiliya. Giralda kuwa hasumiyar babban masallacin birnin ce, daular Muwahhiduna ta gina ta a ƙarshen ƙarni na 12, kafin daga baya a mai da ita hasumiyar ƙararrawar coci. Wato shekara talatin da biyar mutanen New York suna ɗaga kai suna kallon fasalin ginin Musulmin Andalus a tsakiyar garinsu.

Kyau bai hana shi baƙin tarihi ba. A daren 25 ga Yunin 1906, ana cikin wasa a kan rufin, wani ɗan masu kuɗi mai suna Harry Thaw ya harbe White har lahira a gaban jama'a, saboda tsohuwar alaƙar da ke tsakanin White da matarsa. Kuma duk da sunan da ginin ya yi, bai taɓa kawo riba mai tsoka ba. Bayan babban taron jam'iyyar Democrat na 1924, wanda sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 103 kafin a fitar da ɗan takara, kamfanin inshorar da ke riƙe da jinginar ginin ya rushe shi ya gina hedikwatarsa a wurin.

Zamanin 'yan dambe

Na ukun ɗan kasuwar dambe ne ya gina shi, Tex Rickard, a kan titi na Takwas tsakanin na 49 da na 50. Cikin kwana 249 aka gama shi a 1925. Ba a nemi ado ba, ƙaton akwati ne na bulo da ƙarfe, an yi shi ne don a cika shi da mutane. Wanda ya zauna a can sama ranar wasan hoki ba ya ganin wani ɓangare na filin, kuma hayaƙin taba yakan taru a ƙarƙashin rufi har ya dusashe hasken fitilu.

To amma a wannan akwatin ne zauren ya yi sunan da yake ci har gobe. A nan aka kafa Rangers a 1926, a nan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Knicks ta fara wasa a 1946. A nan Rocky Marciano ya kawo ƙarshen damben Joe Louis a 1951. A nan kuma, a Fabrairun 1939, magoya bayan Hitler kusan dubu ashirin suka yi gangami, dubban masu adawa da su suna waje 'yan sanda sun tare su. Zaure na haya haka ya gada, wanda ya biya shi ke shiga.

Ɗan Najeriya ma ya bar sawu a wurin tun kafin a haifi mawaƙan yau. Dick Tiger, mutumin Amaigbo da ke ƙasar Ibo, ya doke Joey Giardello a can a Oktoban 1965 ya ƙwato kambunsa na matsakaicin nauyi. A Disambar 1966 ya hau ajin da ke sama, ya doke José Torres, ya sake zama zakaran duniya. Da aka koma sabon ginin, can ne Bob Foster ya kai shi ƙasa a turmi na huɗu a watan Mayun 1968, lokacin yaƙin basasa yana ci a gida kuma dukiyarsa ta salwanta a ciki. Dambensa na ƙarshe ma a can ya yi shi a 1970. Ya ɗan yi aikin gadi a wani gidan tarihi na birnin, ya koma gida da ciwon hanta, ya rasu a ƙarshen 1971. 'Yan kallon New York na wancan zamani sun san shi sosai, kuma bai kamata matasanmu masu alfahari da wanda ya cika zauren a yau su manta da shi ba.

Tashar da aka rushe

A farkon shekarun 1960 shugaban kamfanin da ke riƙe da zauren, Irving Felt, yana neman fili babba a tsakiyar gari. Shi kuma kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania yana cikin halin ƙaƙa-nika-yi, domin motoci da manyan tituna da jiragen sama sun ɗauke masa fasinja. Abin da ya rage masa mai daraja shi ne tasharsa.

Tashar Pennsylvania, wadda aka buɗe a 1910, ta mamaye kusan eka takwas. An kewaye ta da ginshiƙai 84 na dutse mai ruwan hoda. Babban ɗakin jiranta an kwaikwayo shi daga wani tsohon ginin Rumawa, tsayinsa ya kai kusan mita 45. Inda ake sauka zuwa wajen jirage kuwa rufin gilashi ne a kan bakan ƙarfe, hasken rana yana sauka har kan layin dogo. Talaka da ya sayi tikiti mafi araha, ta wannan ƙofa yake shiga birnin, daidai da attajiri. Kamfanin su Stanford White ne ya zana ta, wato McKim, Mead & White.

Cinikin da aka ƙulla mai sauƙi ne. Kamfanin jirgin zai ba da sararin da ke saman layukan dogo, a rushe ginin, a gina zaure da dogon benen ofisoshi. Shi kuma zai samu ƙaramar tasha a ƙarƙashin ƙasa ba tare da ya kashe kuɗi ba, da kashi 25 cikin ɗari na hannun jari.

A watan Agustan 1962 wasu masu zanen gine-gine da marubuta, ciki har da Philip Johnson da Jane Jacobs, sun fito da kwalaye a gaban tashar suna roƙon a bar ta. Ba su da yawa, kuma babu dokar da za su dogara da ita. Ranar 28 ga Oktoban 1963 aka fara rusau. Shekara uku ana yi, jirage suna shiga suna fita a ƙasa ba a tsayar da su ba. Ginshiƙai da mutum-mutumin dutse da aka sassaƙa da hannu, aka kwashe su aka zubar a fadamar New Jersey.

Sai da gini ya tafi mutanen gari suka gane abin da suka rasa. A 1965 birnin ya kafa dokar kare gine-ginen tarihi, kuma da wannan doka ce aka ceci ɗaya tashar, Grand Central, lokacin da aka so a ɗora mata dogon bene a ka. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta goyi bayan birnin a 1978. Shi kuwa kamfanin jirgin, cinikin bai cece shi ba. Ya haɗe da abokin hamayyarsa a 1968, zuwa 1970 sabon kamfanin ya karye.

Rufin da ba ya kan ginshiƙi

Sabon zauren ya buɗe ranar 11 ga Fabrairun 1968. Charles Luckman ne ya zana shi, mutumin da ya taɓa shugabantar kamfanin sabulu na Lever a Amurka kafin ya koma sana'ar da ya karanta. Daga waje ginin ba shi da wani abin burgewa, ƙaton da'ira ne mai faɗin kusan mita 130, an lulluɓe shi da allunan kankare masu ruwan ƙasa. Gwanintar tana ciki.

Matsalar da injiniyoyi suka fuskanta ita ce yadda za a rufe fili mai wannan faɗi ba tare da an kafa ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya da zai tare wa ɗan kallo gani ba. Ga shi kuma ba su da 'yancin kafa tushe inda suka ga dama, tunda ƙasan wurin duk layin dogo ne.

Sai suka rataye rufin. Ka ɗauki ƙafar keke ka kwantar da ita a ƙasa, to fasalin ke nan. Akwai ƙaton zoben ƙarfe da ya kewaye saman bango, akwai ƙaramin zobe a tsakiya yana lilo a sararin sama, sannan igiyoyin ƙarfe masu kauri guda 48 sun haɗa su. Nauyin rufin yana kan igiyoyin nan. Su kuma suna jan babban zoben zuwa ciki daga kowace kusurwa daidai wa daida, shi ya sa zoben yake matsuwa yana ƙara ƙarfi maimakon ya buɗe. Nauyin duka yana sauka ta bangon waje.

Saboda haka silin ɗin zauren bai yi tozo sama kamar ƙubba ba, ya lotso ne ƙasa ta tsakiya. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ko resilin daga can a talabijin ya ga wannan silin mai layi-layi da suka taru a cibiya ɗaya, ko da bai san sunan wurin ba. Lotsowar tana rage faɗin sararin da ke sama, tana dawo da ihun jama'a kan fili, kuma 'yan wasa da mawaƙa da yawa sun ce shi ya sa mutum dubu ashirin suke ji musu kamar a kansu suke zaune.

Wani abin da baƙo ba ya zato shi ne filin wasan ba a ƙasa yake ba, yana hawa na biyar ne. A ƙarƙashinsa akwai wani gidan wasa mai kujeru sama da dubu biyar, ƙarƙashin wannan kuma sai tasha. 'Yan kallo suna hawa ta matakalar lantarki, kaya kuma ta wata hanya mai murɗawa da ke hawa a cikin ginin. Shekaru da dama giwayen kamfanin wasan dabbobi na Ringling ta nan suke takawa su hau, bayan an biyo da su ta titunan birnin da tsakar dare. Mawaƙa sun sha ba da labarin yadda dandamali ke motsi a ƙarƙashinsu idan taro ya ɗauki tsalle gaba ɗaya.

Tsakanin 2011 da 2013 an kashe kusan dala biliyan ɗaya wajen sabunta cikinsa, da kuɗin kamfanin, ana yin aikin a lokacin bazara uku don kada a taɓa kakar wasa. An sake jera kujeru, an faɗaɗa hanyoyi, an ƙara ɗakunan masu hannu da shuni, sannan aka rataya gadoji biyu daga rufin, inda ɗaruruwan mutane ke zama suna leƙo fili daga sama. Rufin 1968 ɗin dai ba a canza shi ba, shi ne ma ya ɗauki sabon nauyin.

Aikin dare

Zauren yana karɓar taro kusan ɗari uku a shekara. Abin da ke sa hakan ya yiwu shi ne ma'aikatan da ɗan kallo ba ya gani.

Daben filin kankare ne da aka binne bututu a cikinsa, ana zagaya ruwan sanyi mai daskarar da shi. A farkon kakar hoki ake fesa ruwa a hankali, shafi bayan shafi, a yi fenti, a zana layuka, har ƙanƙara ta kai kaurin kusan inci ɗaya. Daga nan ba a narkar da ita sai kaka ta ƙare.

Da an tashi daga wasa, masu shara suna bin kujeru, ma'aikata kuma su sauko fili. A cire gilasan da suka kewaye ƙanƙarar, a shimfiɗa allunan da ba sa barin sanyi ya ratso, sannan motocin ɗaga kaya su shigo da daben ƙwallon kwando, wanda aka yanka shi gunduwa-gunduwa sama da ɗari biyu na katako. Kowane gunduwa yana da lambarsa da inda yake zama. A jera, a ɗaure, a turo sandunan kwando, a ƙaro kujerun bakin fili waɗanda su ne mafi tsada a gidan. Cikin 'yan awanni an gama. Akwai ranakun da Knicks ke wasa da rana, Rangers su yi nasu da dare.

Watan Yunin 1994 ya gwada wannan tsari iyakar gwaji, domin ƙungiyoyin biyu duk sun kai wasan ƙarshe. Ranar 12 ga wata ƙwallon kwando, ranar 14 Rangers suka ɗauki kofin Stanley a karon farko cikin shekara 54, washegari aka sake shimfiɗa katako. Wanda ya hana birnin haɗa kofi biyu a shekarar kuwa ɗan Legas ne, Hakeem Olajuwon, wanda ya jagoranci Houston ta doke Knicks a wasa na bakwai.

A nan darasin yake ga duk mai son gina irinsa. Ginin da ake kunna wa wuta kusan kowane dare shi ke iya biyan kuɗin gyaran kansa. Mun ga abin da ya samu filin wasa na ƙasa da ke Surulere, wanda ya karɓi gasar wasannin Afirka a 1973 amma ya shafe shekaru a yashe, saboda babu abin da ke kawo mutane cikinsa daga wannan babban wasa zuwa wancan.

Daren Ali da Frazier

Idan ana lissafin dararen da suka yi wa sabon ginin suna, na 8 ga Maris ɗin 1971 ake fara ambata. Muhammad Ali ya dawo bayan an hana shi dambe sama da shekara uku saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, Joe Frazier kuma yana riƙe da kambu, kuma babu wanda aka taɓa dokewa a cikinsu. Kowannensu ya karɓi dala miliyan biyu da rabi. Tikiti ya yi wuyar da har mawaƙi Frank Sinatra ya shigo a matsayin mai ɗaukar hoto na mujallar Life. A turmi na 15 Frazier ya kai Ali ƙasa da hagu, Ali ya tashi ya ƙarasa, alƙalai suka ba Frazier. A Janairun 1974 suka sake haɗuwa a wurin, Ali ya rama.

Daga nan jerin ya yi tsawo. Taron waƙar tara wa 'yan gudun hijirar Bangaladash kuɗi a Agustan 1971, WrestleMania na farko a 1985, Fafaroma biyu, Firaministan Indiya Narendra Modi a 2014, gangamin Donald Trump a 2024. Namu ma sun sha daɗi da ɗaci a ciki. Anthony Joshua ya rasa kambunansa a hannun Andy Ruiz a Yunin 2019 bayan an kai shi ƙasa sau huɗu. Kamaru Usman ya kare nasa a 2021, Israel Adesanya ya rasa nasa a 2022.

Abin da ke ƙasa

Kafin annobar korona, mutum kusan dubu ɗari shida ne ke bi ta tashar Pennsylvania da ke ƙarƙashin zauren a kowace ranar aiki, idan aka haɗa da masu hawa jiragen cikin gari. Wato duk mutum ɗaya da ke zaune a kujerar zauren, akwai kusan talatin da suka bi ta ƙarƙashinsa a ranar. Yawancinsu ma'aikata ne daga New Jersey da Long Island, masu sammakon zuwa aiki.

Tashar tana da layi 21, kuma dakalan jiran jirginta matsattsu ne, ginshiƙan da ke ɗauke da gine-ginen sama sun ƙara cinye su. Silin ya yi ƙasa a wurare da yawa, hasken rana ba ya shiga. Da ƙarfe biyar na yamma za ka ga jama'a sun yi cirko-cirko a gaban allo, kowa ya ɗaga kai yana jiran a fito da lambar layin jirginsa. Da ta fito sai ɗaruruwa su ruga lokaci guda zuwa ga 'yar matakala ɗaya ko biyu, masu sauka daga jirgi suna ƙoƙarin hawowa ta wannan hanyar. Tsoho da mai ɗauke da yaro da mai keken guragu su ne ke shan wuya.

A waje kuma, manyan motocin da ke kawo kayan mawaƙa ba su da isasshen wurin sauke kaya a cikin ginin, sai su tsaya a tituna da tsohuwar hanyar tasi da ke tsakanin zauren da benen ofisoshi, daidai inda fasinja ke neman wucewa.

An ɗan rage zafi a ranar 1 ga Janairun 2021, da aka buɗe sabon ɗakin jira mai rufin gilashi a tsohon babban gidan waya da ke tsallaken titi na Takwas, wanda ya ci kusan dala biliyan ɗaya da miliyan ɗari shida. An sa masa sunan Sanata Daniel Patrick Moynihan, wanda ya daɗe yana fafutukar a yi shi. Amma layukan da dakalan suna nan yadda suke, kuma yawancin fasinja har yanzu ta tsohon ɓangaren suke bi.

Haraji, lasisi da masu ja-in-ja

Abu biyu ne ke ƙara wa mutanen birnin haushi. Na farko haraji. Tun 1982 zauren ba ya biyan harajin fili da gini. An yafe masa ne a zamanin magajin gari Ed Koch, lokacin da ake fargabar ƙungiyoyin za su ƙaura zuwa New Jersey. Koch ya ce daga baya a zatonsa na shekara goma ne, amma dokar da majalisar jiha ta zartar ba ta sa wa'adi ba. Ofishin binciken kasafin kuɗi mai zaman kansa na birnin ya ƙiyasta a 2023 cewa abin da aka yafe ya kusa dala biliyan ɗaya a darajar kuɗin yanzu, sama da miliyan arba'in a kowace shekara.

Na biyu shi ne halin mai gidan, James Dolan, wanda iyalansa ke riƙe da zauren da ƙungiyoyin biyu tun shekarun 1990. A 2022 aka gano cewa kamfanin yana amfani da kyamarori masu gane fuska wajen hana lauyoyi shiga, matuƙar ofishin da suke aiki yana shari'a da shi, ko da su ba su da hannu a ƙarar kuma sun sayi tikiti. Har babbar lauyar jihar, Letitia James, ta rubuta tana neman bayani. Kamfanin ya ce wurinsa ne, yana da ikon zaɓar wanda zai shiga. Masu suka suka ce wanda jama'a suka yafe wa haraji ba zai ce ƙofarsa tasa ce shi kaɗai ba, kuma a nan gaskiya tana tare da su.

Makamin da birnin ke da shi shi ne lasisi. Duk zaure mai wannan girma yana buƙatar izini na musamman, kuma na farkon, na shekara hamsin, ya ƙare a 2013. Kamfanin ya nemi na dindindin, majalisar birnin ta ba shi shekara goma da nufin ya nemi wani wuri. Bai nema ba, domin a daidai lokacin yake kammala gyaran biliyan ɗaya. A 2023 hukumomin jiragen uku da ke amfani da tashar suka fitar da rahoto cewa zauren, a yadda yake, bai dace da tashar ba. Majalisar ta ba shi shekara biyar kacal.

Masu son a tashe shi, ciki har da ƙungiyoyin tsara birane da kwamitin unguwar, suna cewa ba za a iya faɗaɗa dakalai ko shigo da haske ba muddin ginin yana zaune a kai, kuma zauren da ya yi ƙaura sau biyu a tarihi zai iya yin ta uku. An ma taɓa shirya mai da shi bayan gidan wayar, shirin ya watse a 2008.

Kamfanin da magoya bayansa kuma suna da hujjar da ba ta raini ba ce. Filin nasu ne, saya suka yi. Tayar da su zai ci biliyoyin daloli daga aljihun jama'a, kuɗin da za a iya zubawa a jiragen kansu. Dubban ma'aikata da masu gidajen abinci na kewaye da shi suke ci. Sannan zama a kan tasha shi ne ya sa yawancin 'yan kallo ke zuwa a jirgi su koma a jirgi, babu ƙaton filin ajiye motoci, babu cunkoson da ake gani a filayen bayan gari. A wannan fanni, wurin da ake zargi shi ne mafi dacewa da zaure a duk faɗin birnin.

Akwai kuma masu tsaka-tsaki, waɗanda ke cewa a bar babban zauren, a rushe ƙaramin gidan wasan da ke ƙarƙashinsa ta ɓangaren titi na Takwas, a yi babbar ƙofar tasha mai haske a wurin, a kuma shigar da motocin kaya cikin gini. Wannan ba zai dawo da abin da aka rasa a 1963 ba, amma abu ne da za a iya yi a zamanin waɗanda ke shan wahalar yanzu, kuma ya dace mai zauren ya ɗauki kaso mai tsoka na kuɗin, ganin shekara arba'in da 'yan kai da ya yi ba ya biyan haraji.

A Afrilun 2025 gwamnatin tarayya ta karɓe aikin sake gina tashar daga hannun hukumar sufurin jihar ta miƙa wa kamfanin Amtrak, wanda shi ne mai tashar. Lasisin zauren zai ƙare a 2028, kuma majalisar birnin za ta sake zama a kansa.